Gadar da ido ba ya iya shiga cikinta

Ranar 14 ga Agustan 2018, da hantsi, ana tafka ruwan sama kamar da bakin ƙwarya, ginshiƙi na tara na gadar Morandi da ke birnin Jenowa na Italiya ya rufta da kimanin mita 200 na titi. Motoci da tireloli suka zube cikin kwarin kogin Polcevera, mutum 43 suka rasu. An ɗauki hoton wata motar dakon kaya, koriya, da ta ci birki 'yan taku kaɗan daga bakin ramin. Hoton nan ya zagaya duniya.

A shekarar 1967 da aka buɗe gadar, abin alfahari ce ga ƙasar. Injiniya Riccardo Morandi ya rataye titin da igiyoyin ƙarfe guda huɗu kacal a kowane dogon ginshiƙi, sannan ya lulluɓe igiyoyin da kankare don kada tsatsa ta ci su. Dabarar ta burge kowa, amma kyan ɗan maciji ne. Iskar teku mai gishiri da hayaƙin masana'antu suka yi ta ratsa kankaren, ƙarfen yana ruɓewa daga ciki, babu idon da ke ganinsa. Kuma da yake igiyoyin kaɗan ne, in ɗaya ta tsinke sauran ba za su iya riƙe nauyin ba. An ƙarfafa igiyoyin ginshiƙi na 11 a farkon shekarun 1990, na tara kuwa aka bar shi sai wata rana.

Da aka zo maganar sabuwar gada, zane-zane suka yi ta shigowa. Cikinsu har da na Santiago Calatrava ɗan Sifaniya, wanda ya yi suna wajen gadoji masu hasumiya da igiyoyi irin waɗanda 'yan yawon buɗe ido ke ɗaukar hoto. Magajin garin na wancan lokaci, Marco Bucci, wanda aka damƙa wa aikin, ya zaɓi zanen Renzo Piano, haifaffen Jenowa, da ya ba garinsu kyauta. Babu hasumiya, babu igiya ko ɗaya. Titi ne mai tsawon mita 1,067 a kan ginshiƙan kankare 18, yawancinsu mita 50 tsakani, sai wurare uku da tazarar ta kai mita 100, ciki har da inda ya tsallake kogin. Wasu sun ce zanen ya cika lami. To, wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu.

Abin da ya fi jan hankalin mai wannan shafi yana ƙarƙashin kwalta. Cikin gadar na ƙarfe ne, an lanƙwasa shi kamar gindin jirgin ruwa, kuma kamfanin Fincantieri mai ƙera jirage ne ya ƙera sassan. Ma'aikaci yana iya shiga ciki ya duba da idonsa. Akwai na'urorin da ke zuƙe laima don kada tsatsa ta samu wurin zama, da wasu da ke bin gefen gadar a kan layin dogo suna ɗaukar hoton kowane lungu, ga kuma faranten sola. An tarwatsa ragowar manyan ginshiƙan tsohuwar da nakiya ranar 28 ga Yunin 2019, aka ƙaddamar da sabuwar, San Giorgio, ranar 3 ga Agustan 2020.

Kada mai karatu ya ɗauka igiya ce matsalar. A Baltimore ta Amurka, inda jirgin dakon kaya Dali ya bangaji ginshiƙin gadar Francis Scott Key ranar 26 ga Maris 2024, gadar ta rushe, ma'aikata shida masu cike ramukan titi suka mutu, gada mai igiyoyi aka zaɓa ta maye gurbinta. Kogin Patapsco da gadar ke tsallakewa hanyar manyan jirage ne, dole ginshiƙai su matsa nesa da su, tazarar tsakiya ta tashi daga mita 366 zuwa wajen 500. Polcevera kuwa rafi ne da ke ƙafewa da rani, babu jirgin da zai bi ta ƙarƙashi. Kowane kogi da irin gadar da yake nema.

A nan gida, ambaliyar Mokwa ta watan Mayun 2025 ta cinye gada a kan hanyar da tirelolin shanu da tumatir ke bi daga Arewa zuwa Legas, kamar yadda ta Tatabu ta karye a 2017 a kan hanyar guda. Idan an zo sake irin waɗannan gadoji, hoton zanen da ake nuna wa 'yan jarida a ranar aza harsashi ba shi ne abin tambaya ba. Ya kamata 'yan majalisa su tambayi Ma'aikatar Ayyuka iya tsayin da aka lissafa ruwa zai kai, ta ina injiniya zai shiga ya duba ƙarfen bayan shekara 20, kuma a wane layi na kasafin kuɗi aka rubuta kuɗin dubawar.