Filin Masu Mota: In Birki Ya Daina Magana Da Injin

Sau da yawa mai mota yakan tayar da ita da safe, sai ya ga fitilar ABS ta kama, allurar gudu kuma ta kwanta. Da ya je gareji a sa na'urar bincike, sai lamba U0121 ta fito. Nan take wani bakanike zai ce ƙwaƙwalwar birki ta mutu, a kawo kuɗin wata. To, a dakata tukuna.

Motar zamani tana da ƙwaƙwalwa da dama: ta injin, ta giya, ta birki. Dukkansu suna aika wa juna saƙo ta wasu wayoyi biyu da aka murɗe tare, watau tsarin CAN, wanda kamfanin Bosch na Jamus ya bayyana a 1986. Ƙwaƙwalwar birki ita ke auna gudun kowace taya, ta sanar da sauran. Ma'anar U0121 ita ce sauran sun daina jin muryarta. Lambar ba ta ce ta mutu ba, domin tsinkewar waya ko ƙonewar fis ma sukan sa ta yi shiru.

Saboda haka sai a fara da batir. Lafiyayye mai cikakken caji yakan nuna wajen volt 12.6 in injin yana kashe. Sa'an nan a duba fis ɗin birki, da wayar da ke haɗa ƙwaƙwalwar da jikin mota, da soket ɗinta, ko ruwa ya shiga ya kawo tsatsa. Wannan ya fi aukuwa da damina, ko bayan an wanke injin.

In duk waɗannan lafiya lau, sai a cire kan batir, a ɗauko mita. A soket mai ramuka 16 da ke ƙarƙashin sitiyari, a auna tsakanin rami na 6 da na 14. A yawancin motoci ohm 60 ya kamata a gani, domin akwai 120 a kowane ƙarshen layin. In mita ta nuna 120, layi ya yanke ko ƙarshe ɗaya ya lalace. In ta yi kusa da sifiri, wayoyin biyu sun haɗe.

Lamba U0415 kuwa zancenta daban ne: ƙwaƙwalwar birki tana magana, amma sauran ba su amince da abin da take faɗa ba. A nan sai a karanta lambobin da ita kanta ta ajiye, a duba na'urar auna gudu ta kowace taya da wayarta.

Kada mai mota ya yarda a cire ƙwan fitilar don ta daina damunsa. Birki yana iya ci, amma ran da aka taka shi da ƙarfi a kan jiƙaƙƙen titi, tayoyi za su ƙame, sitiyari ya ƙi juya motar. A auna kafin a saya. Allah ya kiyaye hanya, amin.