Bayan Saki, Wa Ke Riƙon 'Ya'ya, Wa Ke Ci Da Su?

Duk wanda ya saba zama a harabar kotunan Shari'a na Kano, ko Zariya, ko Sakkwato, ya san cewa maganar rabuwar aure ba ta cika ɗaukar lokaci ba. Abin da ke jan ƙafa shi ne wanda ke biyo baya, watau wa zai riƙe yaran, kuma wa zai ci da su.

Abin mamaki kuwa, hukuncin wannan al'amari ba ɓoyayye ba ne. A mazhabar Malikiyya, wadda kotunan Arewa ke bi, uwa ce ke da haƙƙin riƙo, wanda malamai ke kira hadana. Ɗa namiji yana hannunta har ya balaga, mace kuwa har ta yi aure ta tare. Haka yake a Risala, haka yake a Muhtasar, littattafan da alƙalai suka sani tun suna zaure. Idan uwar ta yi wani aure, kuma sabon mijin ba muharramin yaron ba ne, to riƙon ba ya faɗawa hannun uba kai tsaye. Kakar yaro ta wajen uwa ce ke gaba, sa'an nan 'yar'uwar uwa, kafin a waiwayi dangin uba. Shi uba, nasa shi ne walicci da ciyarwa, watau abinci da sutura da sauran bukatun yaro, ko da yaron ba ya kwana a gidansa.

To, amma al'ada ta juya abin. A ƙasar Hausa an ɗauka ɗa na uba ne, kuma da an yaye shi sai aike ya zo a ɗauke shi. Mata da yawa ba su ma san Shari'a ta ba su wani haƙƙi ba. Wadda ta sani kuma, iyayenta ne za su fara ce mata ta ba mutum ɗansa, don kada a ce gidansu gidan fitina ne.

Sai dai fa rashin sani ba shi ne babbar cutar ba. Babbar cutar ita ce kuɗin ciyarwa. A ce mace ta daure ta kai ƙara, alƙali ya ba ta yaranta, ya yanka wa uban abin da zai riƙa bayarwa kowane wata. Idan ma'aikacin gwamnati ne da sauƙi, domin an san albashinsa. Amma manomi, ko ɗan tireda, ko direban mota, wa ya san abin da yake samu? Zai biya wata biyu ko uku, daga nan shiru. Sai ta sake neman kuɗin mota, ta sake yanko sammaci, ta wuni a kotu da goyo a baya. Ko da yana biya ma, abin da aka yanka kafin janye tallafin man fetur a 2023 ba ya sayen abin da yake saye a da.

Ga ta kuma zaune a gidan ubanta, wanda shi ma da ƙyar yake ci da nasa. Idda na cika za a fara yi mata maganar manema, kuma ba kowane namiji ne ke son agola ba. Kakar da Shari'a ta ambata, ita ma jira take a ba ta. A ƙarshe uwar da kanta za ta kai yaran gidan ubansu, ba don an ƙwace ba, sai don babu. Daga nan wani yaron ya dace da matar uba ta kirki, wani kuwa a ba da shi ga malami a wani gari, yarinya a ɗora mata farantin talla. Ba kowane almajiri ne ɗan saki ba, kuma akwai iyaye maza da ake hana su ganin 'ya'yansu alhali suna biya. Amma waɗannan ba su ne mafi yawa ba.

Hausawan da ke zaune a Kudu, kamar a Agege ko Sabon Ibadan, nasu ya fi tsanani. Can babu kotun Shari'a ta gwamnati, kuma dokar aure ta 1970, wadda ta ce amfanin yaro ne a gaba da kome, ta shafi auren rajista ne kawai. Galibi Sarkin Hausawa da liman ne ke sasantawa, kuma ba su da ikon tilasta wa kowa. Uba yana iya sa yaro a mota ya aika da shi Arewa cikin dare ɗaya.

Hukuma fa? Gwamnatin Tarayya ta yi dokar kare haƙƙin yara a 2003, amma sai kowace jiha ta amince da tata. Kano ba ta yi ba sai a 2023. A 2009 ƙungiyar zawarawa ta shirya zanga-zanga a Kano, Hisba ta hana. A 2017 Mai Martaba Sarkin Kano Muhammadu Sanusi na II ya tayar da maganar dokar iyali, aka yi ta cece-kuce, daftarin bai zama doka ba har aka sauke shi a 2020. Abin da ya samu karɓuwa shi ne auren gata, wanda aka fara a 2012, har a 2023 aka ɗaura aure 1,800 a rana ɗaya, da gado da katifa da sadaki daga aljihun gwamnati.

Ba wanda ke ƙin a aurar da zawarawa. Amma gwamnatin da ta iya sayen gadaje 1,800 ba za ta kasa ajiye akawu ɗaya a kowace kotu ba, wanda aikinsa shi ne karɓar kuɗin ciyarwa daga hannun uba, ya rubuta, ya miƙa wa uwa, ya kuma sanar da alƙali da kansa idan wata ya wuce ba a kawo ba. Na ma'aikaci a cire daga albashi, na ɗan kasuwa a bi ta hannun shugaban kasuwarsu, kuma a riƙa sake duba adadin kowace shekara.