Tabarmar salla da haƙƙin ma'aikaci

Daga Dogon Dutsi zuwa Tibiri, da wuya ka shiga ma'aikata, ta gwamnati ce ko ta ɗan kasuwa, ba ka tarar da buta da tabarmar salla a gindin dogonyaro ba. Ranar Juma'a kuwa ana tashi aiki da wuri don a samu sahu. Wannan abin farin ciki ne, kuma ba na so a taɓa shi. Damuwata ita ce yawancinmu mun ɗauka a nan addini ya tsaya a wurin aiki.

Mutanen Arewa, wato ƙasar Dogon Dutsi, sun san Lugu, garin Sarauniya Mangu wadda ta tari rundunar Faransawa ta Bule da Shanuwan a watan Afrilun 1899. Sun san dutsen Tunguma, wanda ake kai ƙara gabansa idan gardama ta gagari mutane. Ba kira nake a koma ga dutse ba, Allah Ya tsare. Amma Aznan da suka yi imani da shi ba sa zuwa gabansa da ƙarya, domin sun yarda akwai mai ganin abin da suka ɓoye. Mu da muka shaida Allah Yana ganin komi, ya aka yi wannan tsoro bai bi mu zuwa teburin aiki ba?

Ka je wata likita a ƙauye da azahar. Mace ta taso tun hantsi a kan amalanke, goye da yaro jikinsa zafi rau, ta zauna bakin ƙofa tana yi masa fifita da gefen zane. An ce mata malamin likitar ya tafi salla. Raka'a huɗu ce, amma sai la'asar ta kawo jiki ya dawo, ya biya ta wajen mai shayi. Ba ta iya yin ƙorafi, don an sa mata sunan Allah a gaba. A ganina wannan ya fi makara zalla muni.

Sai dai babban laifin yana sama. Mai garkar dankali da ya kafa wa ƴan ƙwadagonsa rumfar salla, amma ya riƙe musu kuɗin haƙa har sai motar da ta kai dankalin Yamai ta dawo, bai ba su natsuwa ba. Tun Janairun 2024 albashi mafi ƙanƙanta a Nijar ya tashi daga sefa 30,047 zuwa 42,000. A tambayi masu gadi da yaran shago, nawa ke shiga hannunsu a ƙarshen wata? Malaman makaranta ƴan kwantiragi sun daɗe suna kukan jinkirin biya. Mutumin da ya bar gida ba tsabar hatsi, idan ya ce a yi masa adalci aka ce masa ya yi haƙuri, an mayar da haƙuri sandar dukansa. Irin wannan ma'aikaci jikinsa ne kawai ke wurin aiki, zuciyarsa na wajen mai bin sa bashi.

Gyaran bai buƙatar kuɗin ƙasashen waje. A likita da kantin magani a riƙa yin salla bi da bi, kada a bar ƙofa ba kowa. Shugaban ma'aikata ya san wanda aka yi wa rasuwa da wanda matarsa ke kwance, ya sassauta masa. Limaman Juma'a na Dogon Dutsi da Matankari da Tibiri kuma, lokacin haƙar dankali in ya zo, su keɓe huɗuba guda a kan gaggauta biyan ɗan ƙwadago, tunda masu garake da masu shaguna suna nan zaune a sahun gaba.