Ɗalibi Mai Wuƙa: Kora Kaɗai Ba Magani Ba Ce

A 2021 Gwamna Sanwo-Olu ya sa hannu kan dokar Jihar Ikko mai ɗaure ɗan ƙungiyar asiri shekara 21. Amma kotu sai an yi ɓarna take zama. Saboda haka in ɗalibi ya zo da wuƙa, wajibi ne hedimasta ya raba shi da 'yan ajinsa nan take, ya kira iyayensa. In akwai alamar shan ƙwaya, a kai shi Asibitin Koyarwa na Idi-Araba. Korarsa kawai miƙa shi ne ga 'yan iskan tasha. Iyaye 'yan Arewa mazauna Idi-Araba da Agege kuwa, kada kunya ta sa su ɓoye halin ɗansu. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.