Zumunta a Ƙafa Take, Har Bayan Ruwa Ya Janye

Duk wanda ya kwana a Gombe a watan Agustan 2004 ba sai an ba shi labarin ambaliya ba. Ruwan sama aka tafka, kafin a ankara an rasa rayuka, gidajen ƙasa sun zube, iyalai da yawa sun rasa inda za su sa haƙarƙarinsu. Tun daga lokacin, da wuya damina ta wuce ba a je jaje wata unguwa ba.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Garinmu a kwari yake zaune, tudun Akko na yamma da shi, ƙasar kuma rairayi ce, ba ta da riƙo. Da aka ƙirƙiro jihar a 1996, gari ya buɗe, aka yi ta gine-gine har Tumfure da gaba. Filin da a da yake shanye ruwa ya koma kwano da siminti da kwalta. To ruwan ina za shi? Sai ya gangaro a guje, ya bi kwaruruka, yana cin gefensu yana faɗaɗa su, ya sauke fushinsa a kan talakan da ya sayi fili mai araha a bakin kwari.

A ranar da ambaliya ta auku, ba ni da abin da zan soki ikilisiya da shi. Na gani da idona. Kafin jami'an hukumar agajin gaggawa ta SEMA su iso da takardar rubuta sunaye, matan Zumunta sun riga sun ɗora tukunya. Samarin Boys' Brigade sun naɗe ƙafar wando suna kwashe laka da shebur. An ture bencina gefe a cikin majami'a an shimfiɗa tabarmi. Wannan hali ne mai tushe, tun zuwan 'yan mishan na SIM ƙasar Tangale a 1917, wa'azi da magani da makaranta tare suke tafiya, kuma ECWA da Angilika da Katolika da sauran ɗarikun garin nan duk sun gaji wani abu daga irin wannan tarbiyya.

Inda nake da magana shi ne wata na uku.

Akwai wata gwauruwa a unguwarmu, tela ce, da keken ɗinki ta ciyar da 'ya'ya huɗu. Wata damina ruwa ya shigo mata da tsakar dare, ya kwantar da katangar baya, ya cika ɗaki har gwiwa. Maƙwabcinta, wani Musulmi mai sayar da itace, shi ya tsallako ya fitar da yaran ɗaya bayan ɗaya a kafaɗa. Makon farko gidan bai rabu da baƙi ba. An kawo masara, an kawo zannuwa, an kawo katifa, an yi addu'a, an ɗauki hoto. Bayan wata uku na biya ta wajen. Katangar tana nan kwance, an kare wurin da tsohon buhu. Keken yana ƙarƙashin gado, rairayi ya shige masa ko'ina, allura ko motsi ba ta yi.

Na ce, "Mama, ba a gyara keken ba har yanzu?"

Ta ce, "Ɗana, masarar da aka kawo mun cinye, mun gode Allah. Amma wa zan je in ce wa keke? Kowa ya riga ya yi ƙoƙarinsa. Kunya nake ji."

Wannan kunyar ita ta hana ni barci. Mun ba ta abin da za ta ci na mako uku, mun bar abin da zai ciyar da ita shekara goma yana tsatsa. Kuma ba don mugunta ba. Tausayinmu ne mai gajeren zango, yana tashi da ganin laka, yana kwanciya da zarar ƙasa ta bushe.

Muna yawan wa'azi a kan Basamariyen nan da ya tsinci mutum kwance a hanyar Yariko. Fastocinmu sun fi tsayawa a kan ɗaure rauni da ɗora mutum a kan dabba. Ni ƙarshen labarin ya fi jan hankalina: ya bar kuɗi a hannun mai masauki, ya kuma yi alkawarin zai dawo ya biya abin da ya ƙaru. Wato ya san jinya ba ta ƙarewa a rana ɗaya, ya yi mata tanadi. Bai kuma tsaya tambayar wace majami'a mutumin yake zuwa ba.

Wannan na biyun yana da ɗaci, amma ranar wanka ba a ɓoyon cibiya. Sau da yawa idan kayan agaji suka iso harabar coci, rajistar membobi ake buɗewa. Wanda yake biyan zakka a kan kari, sunansa na sama. Wanda ya yi wata shida bai zo sujada ba, sai an yi shawara. Maƙwabci Musulmi kuwa, ba a ma kawo shi cikin lissafi. Alhali da ruwan ya zo bai duba rajista ba, mai itacen da ya ɗauki 'ya'yan gwauruwa a kafaɗa shi ma bai duba ba. A gari irin Gombe, inda gida ɗaya kan haɗa mai zuwa masallaci da mai zuwa coci, rabon agaji da rajista yana barin tabon da ya fi na ruwan daɗewa.

Me zai hana kowace ikilisiya ta ware baikon Lahadi ɗaya tun a watan Afrilu, a ajiye shi da sunan damina, kada a taɓa shi don fenti ko sabon janareta? Muna da kwamitin gini, da na bikin godiya, har da na tarbar baƙi. A ƙara ɗaya, na mutum uku ko huɗu, aikinsu su riƙe littafi: gidan wa ruwa ya shiga, me ya lalace, da me yake neman abinci. Su koma bayan wata ɗaya, su koma bayan uku. A cikin kowace majami'a akwai magina da kafintoci da masu walda. Asabar biyu ta ishe su tayar da katanga idan an sayi bulo.

Wani zai ce wannan aikin gwamnati ne. Gaskiya ne, babban aikin nata ne, kuma ba za a ce ba a taɓa komai ba. An gyara kwarin da ke wajen Jami'ar Jihar Gombe ƙarƙashin shirin NEWMAP, an kuma shiga na wajen kwalejin FCE ƙarƙashin ACReSAL, duka da tallafin Bankin Duniya. Gwamna Muhammadu Inuwa Yahaya ya fito da shirin dashen itatuwa na 3G a 2019. Amma gwamnati ba za ta zo ta hana ka juye bola a magudanar ƙofar gidanka da daddare ba. Ledar ruwan da muke jefarwa bayan taron addu'a ita ce take toshe kwalbati a watan Agusta. Kuma, a yi mini afuwa, akwai wuraren ibada, namu da na 'yan'uwanmu, da aka kafa daram a kan hanyar ruwa. Fasto da zai iya yi wa matasa faɗa a kan sutura, ya kamata ya iya gaya wa dattijo mai kuɗi cewa katangar da ya ja ta karkatar da ruwa gidan maraya.

Abin da ya sami Maiduguri a watan Satumban 2024, lokacin da madatsar Alau ta ɓalle, ya isa ya sa mu shafa wa gemunmu ruwa. Hukumar NiMet tana fitar da hasashen damina tun farkon shekara. Ban ga laifi ba idan sakataren ikilisiya ya karanta shi a lokacin sanarwa, tsakanin ɗaurin aure da taron mawaƙa.

Muna rera waƙoƙin bege, kuma ina rerawa da zuciya ɗaya. Sai dai begen da na gani a fuskar Mama ya dawo ne ranar da ƙarar kekenta ta sake tashi. Wasu mata biyu na Zumunta ne suka haɗa kuɗin daga adashinsu, mai itacen nan ya ɗora keken a baro ya kai wa mai gyara. Abin da aka kashe bai kai kuɗin lemon da aka sha a bikin godiya na shekarar ba.

Dattawan ikilisiya, ran Lahadin nan bayan an tashi sujada, ku nemo sunayen waɗanda ruwa ya shiga gidajensu a daminar da ta wuce. Ku taka ku je, ku leƙa ƙarƙashin gado.