Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Gwamnan Kano Kan Yaran Da Aka Bari Da Hanji A Waje

Mai Girma Gwamna, Injiniya Abba Kabir Yusuf,



Ɗan ƙanwata shekararsa huɗu, suna wani ƙauye a bayan Tudun Wada. Rabonsa da yin bayan gida ta inda Allah ya shirya masa tun yana wata tara. Ta wata 'yar ƙofa da likita ya buɗe a gefen cikinsa na hagu yake yi, bakin hanjin ja wur. Jakar da ake liƙawa a wurin ta fi ƙarfin aljihunmu, don haka uwarsa ta yayyaga tsofaffin zannuwanta, tana ɗaurawa tana wankewa dare da rana. Fatar wurin ta saɓule, kullum cikin man kaɗanya.

Da aka haife shi, sai da ya kwana uku bai yi baƙin kashin nan na jarirai ba. Aka ɗura bauri. Ciki ya kumbura kamar ganga, wanzami ya yi tsaga, mai kemis ya ba da maganin tsutsa, a wani ƙaramin asibiti aka ce a ƙara ba shi ruwa. Sai da ya fara amai kore sannan aka ce mu garzaya birni.

A can muka ji sunan abin: cutar Hirschsprung, sunan wani likitan Denmark da ya yi bayaninta a 1886. Ƙarshen babban hanji ne ake haihuwar yaro ba jijiyoyin da ke sa shi tura kashi, sai komai ya taru a sama, hanjin ya buɗe. Tana kama kusan jariri 1 cikin 5,000, maza sun ninka mata wajen sau huɗu. Kuma tana da magani! Tun 1948 Dakta Orvar Swenson ya nuna a Boston ta Amurka cewa a yanke guntun da ba ya aiki, a jawo lafiyayyen a haɗe shi da dubura. A 1998 likitocin Meksiko suka nuna ana iya yin hakan ta dubura, ba sai an tsaga ciki ba. Inda aka gane cutar da wuri, sau da yawa aiki ɗaya ne. Namu da ke zuwa a galabaice, dole a fara fito musu da hanji don ceton rai, gyaran sai daga baya.

Wannan aiki na biyu shi ne kukana, ranka ya daɗe. Na farko kowa yana taimakawa, don ana ganin mutuwa kusa: dangi su yi karo-karo, a sayar da akuya. Na biyu fa? An ce ai yaro yana ci yana sha. Kuɗin gwajin tsokar hanji, kuɗin hoto, kuɗin jini, kuɗin mota, duk a kan manomin da ya riga ya ci masararsa tun tana gona. Ka dubi matar da za ta taso daga Riruwai, ta ratsa dajin Falgore da yaro yana tsiyaya a cinyarta, fasinjoji suna toshe hanci, ta isa Kano a ce ta dawo wani watan. Sau nawa za ta dawo? A layin jira na haɗu da 'yan Kiru da Bebeji, labarinmu ɗaya. Aiki na biyu ya zama kamar ganin Lailatul Ƙadari.

Ban zo rage maka lada ba. Kai ka sake buɗe Asibitin Yara na Hasiya Bayero a 2023, iyaye mata sun sa maka albarka, ni ma na sa. Amma Kano ba ta ƙare a Kwanar Ɗangora ba. Gada da titi ana ɗaukar hotonsu, ramin da ke cikin yaron ƙauye kuwa riga ce ta rufe shi, shi ya sa ba mai kawo maka maganarsa.

Ga abin da muke roƙo. A sa wannan aiki, na farko da na biyu, cikin abin da asusun lafiya na jiha zai biya wa talaka. A kawo jakunkunan nan manyan asibitocin Tudun Wada da Doguwa. A koya wa ungozomomi da ma'aikatan ƙananan asibitoci magana ɗaya tak: jaririn da ya kwana biyu bai yi kashin farko ba, a tura shi gaba nan take. A haɗa kai da likitocin tiyatar yara na Asibitin Malam Aminu Kano da na Shika, su riƙa leƙo kudancin jiha ko da sau ɗaya a wata uku.

Kai ma uba ne, kuma ka san za a tambaye ka kan kowane ɗaya daga cikin yaran nan. Mu kuma da muka yi layi a rana ranar zaɓe, ba mu manta hanyar rumfa ba.

Shekaranjiya ɗan ƙanwar tawa ya ɗauki allon yayansa ya bi yara makaranta. Kafin la'asar ya dawo yana kuka, wai sun ce yana wari.

Naka,
Wani kawu daga Tudun Wada