Ƙuri'ar 2016 Da Kwanon Surrey Street

 Wannan karon zancen kuɗin cefane na kawo muku, don na lura duk inda matasanmu suka haɗu a nan Landan, wajen biki ne ko suna ko ana jiran jirgi a East Croydon, hira ba ta yin nisa sai wani ya ce wallahi rayuwa ta yi tsada. Amma da zarar ka sako maganar zaɓe sai a ja tsaki, a ce ai siyasar Turawa ce, ina ruwanmu? To da ruwanmu fa, har cikin tukunyar Mama. Hujjata kuwa ita ce ƙuri'ar raba gardama ta ranar 23 ga Yunin 2016, wadda ta fitar da Birtaniya daga Tarayyar Turai, wato Brexit.

A ranar, kusan kashi 52 cikin ɗari na masu zaɓe suka ce a fita, kashi 48 suka ce a zauna. Mu nan Croydon zama muka zaɓa, da kashi 54. Na ce "mu" ne kawai don kara, domin shekarata 13 a lokacin, kuma na san da yawanku ba ku kai 18 ba. Abin da muke iya tunawa shi ne jar bas ɗin nan da aka rubuta wa fam miliyan 350 a mako, wai kuɗin da ake tura wa Turai ne, gara a zuba su a asibitocin NHS. Sai kuma gardamar kawunnanmu a falo, wasu na cewa in aka rufe wa 'yan Poland da Romaniya ƙofa, mu 'yan ƙasashe renon Ingila za a buɗe wa. Ban taɓa jin wanda ya tambayi nawa buhun shinkafa zai koma ba.

Kasuwar canji kuwa ba ta jira gari ya waye ba. Da aka rufe rumfunan zaɓe, fam ɗaya na daidai da dala 1.50. Kafin a yi kalaci ya faɗo wajen dala 1.33, rabon da darajarsa ta yi ƙasa haka tun 1985, zuwa watan Oktoba kuma yana yawo wajen dala 1.22. Ba a ma fita ba tukuna, ba a sauya doka ko ɗaya ba, masu kuɗi ne kawai suka hango cewa ciniki zai yi wuya nan gaba, suka fara rabuwa da fam. Ga lissafin a sauƙaƙe: ɗan kasuwar da ke sayo kayan dala 1,500 daga waje, a da fam 1,000 zai biya. A watan Oktoba kayan nan dai, ba ƙari ba ragi, sai ya biya wajen fam 1,230. Wa kuke zaton zai cike wannan 230 ɗin? Ƙasar nan kashi 60 kacal na abincin da take ci take nomawa, saura duk sayowa ake yi, don haka faɗuwar fam ba ta da wurin sauka sai kan kanta.

Ba a daɗe ba abin ya fito fili. A Oktoban 2016 kamfanin Unilever ya nemi ƙarin kusan kashi 10 a kan kayansa, Tesco ya ce bai san zance ba, aka wayi gari Marmite da shayin PG Tips sun ɓace daga shafinsa na intanet. Jaridu suka mai da abin raha, mu ma a makaranta muka yi ta dariya, amma alama ce ta abin da ke tafe. Hauhawar farashi da ke kashi 0.5 a watan zaɓen ta haura zuwa 3.1 a Nuwamban 2017, albashi kuma bai bi ta ba. Masana a jami'ar LSE sun ƙiyasta cewa a shekarar farko kaɗai ƙuri'ar ta ƙara wa matsakaicin gida nauyin kusan fam 400 a shekara.

Wanda ya san kasuwar Surrey Street, wadda ke ci tun 1276, ya san tsarin kwano fam ɗaya, kamar dai kana Kano ana auna maka da kwano. Mai rumfa ba ya son ya taɓa farashin, don kiran "fam ɗaya" shi ke tsayar da mai wucewa. Sai ya taɓa cikin kwanon. Tumatirin da ke yin tozo a da, sai ka ga ya kwanta daidai baki, daga baya kuma ana hango gindin kwanon. Haka nan shagunan 'yan Afirka da 'yan Asiya da ke jere a London Road ta West Croydon. Za ka ji ana tambaya, to doya ai daga Gana take zuwa, manja da garin rogo ba a Faransa ake yin su ba, me ya haɗa su da Turai? Dala ce ta haɗa su. Kuɗin jirgin ruwa da man da yake sha, duk da dala ake lissafa su, kuma fam ya rame a gaban dala.

Wannan duka na farko ke nan. Na biyu ya biyo baya sannu a hankali. Birtaniya ta fita a hukumance ranar 31 ga Janairun 2020, sabbin ƙa'idoji suka fara aiki 1 ga Janairun 2021. An ƙulla yarjejeniyar da ta hana ɗora haraji a kan yawancin kaya tsakanin ɓangarorin biyu, amma ba ta hana takardu ba: fom ɗin kwastan, shaidar lafiyar nama da madara, jiran layi a Dover. Kowace takarda akwai wanda ake biya ya cike ta, kowace awa da motar kaya ta yi a tsaye kuɗi ce. Gwamnati kanta ta san haka, shi ya sa ta ɗage binciken abincin da ke shigowa daga Turai har sau biyar kafin ta fara a 2024. A 2023 masanan LSE suka sake lissafi, suka ce daga Disamban 2019 zuwa Maris 2023 waɗannan shingaye sun ƙara wa kowane gida kusan fam 250 a kuɗin abinci. Har 'yan uwanmu na Gana sai da ƙurar ta taɓa su. A Janairun 2021 aka caji ayabarsu haraji a tashar Portsmouth, saboda tsohuwar yarjejeniyar da suke shigowa da ita ta Turai ce, sabuwar kuma ba a sa mata hannu ba sai watan Maris.

Yanzu na san wani zai rubuto mini ya ce to korona fa, yaƙin Yukren fa? Gaskiyarka. Lokacin da hauhawar farashi ta kai kashi 11.1 a Oktoban 2022, ta abinci kuma ta wuce kashi 19 a Maris 2023, babban dalili shi ne tsadar gas da hatsi da taki bayan Rasha ta afka wa Yukren, kuma Jamus da ba ta fita ko'ina ba ita ma ta ji a jikinta. Ƙarancin tumatir na Fabrairun 2023, da manyan kantuna suka ƙayyade yawan da mutum zai ɗauka, rashin kyan yanayi ne a Sifen da Maroko ya fara jawo shi. Abin da nake cewa shi ne, jakin da aka riga aka yi wa lodi shi ya fi jin hawan tudu. Hukumar OBR, mai sa ido kan kasafin kuɗin gwamnati, ta yi kirdadon cewa a ƙarshe tattalin arzikin ƙasar zai gaza da kusan kashi 4 a kan yadda zai kasance da ba a fita ba.

Nauyin kuma ba daidai ake raba shi ba. Fam 250 a wurin mai gida a Purley kuɗin cin abinci ne a waje sau biyu. A wurin mai aikin kula da tsofaffi da ke haya a Thornton Heath da 'ya'ya huɗu, cefanen makonni ne. Hausawa na cewa tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka, amma a sha'anin ƙuri'a karin maganar bai cika ba, ruwan har wanda ke cikin sheƙa yake duka. Croydon ta ce a zauna, ta biya. Mu da ba mu isa zaɓe ba, ga mu a jami'a muna biya.

Gidajenmu kuma ƙafa biyu gare su, ɗaya a nan ɗaya a can, don haka zaɓe biyu ke taɓa aljihunmu. Kwana uku kafin ƙuri'ar Brexit, ranar 20 ga Yunin 2016, Babban Bankin Najeriya ya saki naira, ta faɗi daga wajen 197 zuwa wajen 280 a dala. Iyayenmu suka ga fam ɗinsu, duk da ramarsa, yana kawo naira fiye da da, murna ta tashi. Ba ta daɗe ba, don kafin shekarar ta ƙare hauhawar farashi a Najeriya ta haura kashi 18, kiran waya daga Kano da Zariya ya ƙaru. Haka aka maimaita a 2023. Bola Tinubu ya ci zaɓe, ranar rantsuwa 29 ga Mayu ya ce tallafin mai ya tafi, cikin kwanaki litar fetur ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa wajen 500. Duk wanda ke tura wa Goggo ko Kaka kuɗin wata ya san abin da ya biyo baya.

Ga abin da da yawanmu ba su sani ba. A 2016 Bafaranshen da ya yi shekara 20 a Landan bai samu damar jefa ƙuri'a ba, amma ɗan Najeriya ko Gana mai izinin zama ya samu, saboda dokar ƙasar nan ta ba 'yan ƙasashe renon Ingila wannan dama ko ba su da fasfon Birtaniya. Ta shafi ɗalibin da ya zo digiri na biyu, ta shafi Anti mai aikin asibiti. Rajista a intanet ake yi, minti biyar. Tun 2023 sai da katin shaida mai hoto ake shiga rumfa, wanda ba shi da shi kuma kansila na bayar da takardar shaida kyauta. Kar ku raina zaɓen ƙaramar hukuma ma: kansilar Croydon ta bayyana cewa ta tsiyace a 2020 da kuma 2022, a 2023 aka ƙara mana harajin gida da kusan kashi 15 a tashi ɗaya.

Ni ba zan ce muku ga wanda za ku zaɓa ba. Roƙona dai, in ɗan siyasa ya ƙwanƙwasa ƙofarku da alkawari mai daɗi, ku yi masa tambayoyin da kawunnanmu suka manta: wannan abin me zai yi wa darajar fam, wace takarda zai ƙara wa mai shigo da kaya, kuma wa zai biya? In ya fara kame-kame, kun dai ji amsa.

Ku rubuto ku faɗa mini nawa kuke sayen buhun shinkafa a unguwarku, musamman 'yan Manchester da Birmingham, mu kwatanta. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba, a gaida su Mama.